Ɗan koyo a filin tsere: amsa ga ƙanenmu na Daura

Assalamu alaikum. Na ga tambayar ƙanenmu ɗan Daura da ke karatu a Malesiya. Ya ce abokansa sun yanka masa tikitin ranar da ake buɗe filin tsere na Sepang kowa ya shiga da motarsa, shi kuma ƙaramar mota Myvi gare shi, bai taɓa shiga ba, yana tsoron ya tare wa manyan motoci hanya a yi masa dariya. Wasu sun ce kada ya je, wasu sun ce ya taka kawai. Ni na yi shekara huɗu a can kafin in dawo Katsina, kuma kuɗin da ya kamata in yi tsaraba da su a filin nan suka ƙare, a taya da man birki, don haka bari in faɗi nawa.

Ƙanena, ka je. Amma ka cire wa ranka cewa tsere za ka. Irin wannan rana babu na ɗaya, babu kofi, babu wanda zai tambaye ka na nawa ka zo. Kuma abin da kake tsoro ba shi ne abin tsoro ba. Wanda ya daɗe yana shiga fili ba ya jin haushin mai tafiya a hankali. Wanda yake tsoro shi ne mutumin da ba a san inda zai nufa ba, yanzu yana dama, anjima yana hagu, ya taka birki inda ba a takawa.

Mu Katsinawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Tun zamanin Sarki Dikko ake ƙwallon dawaki a garin nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin folo ya san babban laifi a wasan shi ne ka gitta wa wanda ke kan layin ƙwallo, saboda doki biyu da ke sukuwa idan suka haɗu ba a kwashewa lafiya. Kuma a ƙungiya ɗaya za ka ga gwani da ɗan koyo, ba a korar yaron don bai iya ba, layin ake koya masa. To haka filin mota yake. Ka riƙe layinka. Idan ka hango mota ta cika maka madubi, kada ka firgita ka kauce a tsakiyar kwana. Ka gama kwanarka yadda ka faro ta, in kun fito miƙaƙƙen titi ka sa sigina, ka koma gefen da aka ce a koma, ka ɗaga ƙafa daga totur kaɗan ya wuce. Ɗaga ƙafar nan ita mutane ke mantawa. Sai ka ga mutum ya ba da hannu amma ya danne totur har ƙasa, su jera har bakin kwana, nan ake samun matsala. Nauyin wucewa lafiya yana kan mai wucewa, naka kawai kada ka ba shi mamaki.

Ni ranar farko abin da na kasa ke nan. Wata tsohuwar Proton Satria gare ni, ina ji da ita. Sepang kilomita 5.5 ne da ɗoriya, kwana 15, kuma akwai miƙaƙƙun tituna biyu, kowanne ya kusa kilomita guda, da wata matsattsiyar kwana ta ƙarshe ta haɗa su. A wannan kwanar na ga wata Porsche a bayana kamar za ta shigo ta but. Kunya ta kama ni, na ce ba zan bari a ce baƙin yaron nan ya tare hanya ba, na fizgi sitiyari don in ba shi wuri ina kan birki. Motar ta juya da ni, na tsaya ina kallon inda na fito. Allah Ya tsare, mutumin ya riga ya rage gudu.

Da muka koma layin gareji, inda motoci ke tsayawa a gefen fili, na zauna ina jiran zagi. Sai ga wani dattijo ɗan Sin, ya cire hular kwano, furfura fal kansa, ya miƙo mini ruwan sanyi. Bai ce mini me ya sa ba. Ya ce shi ne ya matso ni da yawa, kuma daga yau in na gan shi a madubi in ci gaba da abin da nake yi, shi zai nemi hanyarsa. Daga nan ya ce in shiga motarsa ya zagaya da ni sau uku, a hankali, yana nuna mini inda yake fara birki da inda idonsa ke kallo. Wallahi da tsawa ya yi mini ranar, da ban sake komawa ba.

Wannan ya sa nake so in juyo kan manyanmu waɗanda suka shiga fili a Dubai ko Abu Dhabi ko Kyalami ta Afirka ta Kudu. Don Allah mu daina yi wa sabon shiga barkwancin da ke kashe gwiwa. Ba a haifi kowa da sitiyari a hannu ba. Idan ka zo bayan ɗan koyo, ka ba shi tazara, kada ka yi ta watsa masa fitila, ka jira ya ba ka hannu, in ka wuce ka ɗaga masa hannu na godiya. Zagaye ɗaya da ka rasa ba zai rage ka da komai ba. In ya yi kuskure kuma kada a yi masa gyara a gaban jama'a, ka same shi shi kaɗai, ka faɗa masa abu guda. Guda ɗaya tak, domin wanda jikinsa ke rawa ba ya riƙe biyar. Kuma a daina tambayarsa minti nawa ya yi. Agogo shi ke sa yaro ya taka abin da bai iya ba.

Na dawo gare ka. Bayanin safe da ake tara direbobi a yi, kada ka makara, kada ka tsaya danna waya. A nan za a faɗi ta wane gefe ake wucewa da inda aka hana, kuma kowane mai shiryawa da tasa dokar. Ka faɗa musu kai sabo ne, ka nemi a sa ka rukunin 'yan koyo, in akwai malamin tuƙi ka biya ya zauna gefenka. Kuɗinsa ya fi duk wani ƙarfe da za ka saya ka ɗaura wa motar amfani.

Tutoci kuma ka haddace su tun a ɗaki. Rawaya, akwai haɗari a gaba, rage gudu, ba wucewa. Ja, an tsayar da komai, ka rage gudu ka lallaba zuwa gareji, ba wai ka danne birki a tsakiyar titi ba. Shuɗiya, mai sauri na bayanka. Mai ratsin rawaya da ja, titi na da santsi, mai ne ko ruwa. Baƙa kuwa da kai ake, ka shigo ana son magana da kai, kuma ba lallai laifi ba ne, wataƙila wani abu ke zuba daga motarka. In motar ta mutu ko ka faɗa tsakuwar gefen titi, ka bi umarnin masu tuta, kada ka fito kana yawo a kan titi. Sannan farin layin da ke bakin fita daga gareji, kada tayarka ta haura shi, don masu tahowa a guje suke.

Myvi ɗinka za ta iya, birkinta ne zai fara gajiya kafin inji. Ka sa bakanike ya zuba sabon man birki, nau'in da ake kira DOT 4. Man birki yana shan danshi, ga Malesiya kuma ƙasar danshi. Sabo sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa tun wajen 155 yake iya tafasa, sai ka ji feda ta yi laushi ta tafi ƙasa. In ka ji haka, ka shigo. Kada ka wuce zagaye huɗu ko biyar a jere, na ƙarshe ka yi shi a sanyaye iska ta hura birkin. In ka tsaya kada ka ja birkin hannu yana da zafi, ka sa giya ko ka tokare taya. Ka auna iskar taya bayan ka dawo gareji, don zafi na ƙara ta. Ka kwashe komai na cikin mota, har gorar ruwa da tabarmar ƙafa, kada wani abu ya gangara ƙarƙashin feda. Kuma ka sani inshorar titi galibi ba ta biyan abin da ya faru a fili. In motar ba taka ba ce, ko kuɗin makaranta ne zai tafi wajen gyara, ka yi wa kanka lissafi tun yanzu.

Wani ya ce ai ko a nan gida yara na wasa da mota ranar biki, me ya bambanta. Komai ma. Wancan a titin da almajiri da mai kurar ruwa ke tsallakawa ake yin sa, babu tuta, babu motar asibiti, babu hular kwano. Ina ma a ce muna da fili ko ƙarami ne a jihar nan, yaran su je can su huce.

Saura ruwan sama. Na Sepang ba ya sallama, yawanci da yamma yake saukowa. A 2009 sai da ya tsayar da babbar gasar tseren motoci ta Formula 1 bayan zagaye 31 aka raba rabin maki. In har su ya kora, kai da ka ga hadari ya haɗo ta wajen filin jirgin da ke kusa ka shigo gareji ka nemi shayi. In ma da zaɓi, ka karɓi zaman safe. Ka gaishe mini da 'yan gida na can, in ka dawo ka ba mu labari.