Katin gaisuwa da hoton gida: samu mai saye kafin ka je maɗaba'a

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun jiya na ga tambayarka, cewa ka tara hotunan garinku can wajen Kirikasamma a wayarka, kana so ka mayar da su katin gaisuwa ka sayar kafin Sallah, har kana tunanin sayar da tunkiyarka ka sayi firinta. Na bari sai da na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Shekara biyar ke nan ina taɓa wannan sana'a daga ƙauyenmu a ƙasar Ringim, ina haɗa ta da noma.

Tunkiyar nan ka bar ta a turkenta tukuna.

Shekarar da na fara, kati ɗari biyu na buga. Na jera su a faranti na shiga kasuwar Gujungu da su tun hantsi. Mutane suka yi ta tsayawa, wannan ya ɗauka ya ce kai, ai wannan kukar bakin hanya ce, wancan ya kira abokinsa ya zo ya gani, a yaba, a yi mini addu'a, a ajiye. Har la'asar guda bakwai na sayar. A mota ina komawa gida na fahimci abin da ya faru. Wanda yake buɗe ido kullum ya ga rumbu a ƙofar ɗakinsa ba zai cire kuɗi ya sayi hoton rumbu ba, kuma barka da Sallah yanzu a WhatsApp ake aika ta kyauta.

Wadda ta nuna mini inda kasuwar take wata 'yar bautar ƙasa ce daga Kudu da take koyarwa a sakandaren garinmu. Saura mata mako biyu ta gama, ta ga katunan a hannun ƙanwata, ta aiko a kira ni. Ta zauna a kan benci ta ware guda goma sha biyu, duk na raƙuma da rumbuna da masunta a kan gora, ta ce za ta kai wa danginta su ga inda ta yi shekara. Ko ciniki ba ta yi ba. Bayan nan wani ɗan baffana da yake aiki a Abuja ya ɗora ɗaya a teburinsa na ofis, sai ga 'yan Jigawa da suke aiki tare suna tambayar lambata. Masu sayen katinka su ne baƙon da zai tafi yana son abin tunawa, da ɗan gida da ya yi nisa yana kewa. 'Yan bautar ƙasa suna sauka a sansanin Fanisau da ke Dutse kafin a raba su ƙananan hukumomi, kuma babu makaranta ko asibitin karkara da ba za ka samu ɗaya ko biyu ba. Akwai ma'aikatan lafiya da na ƙungiyoyi da ake turowa, akwai malamai da ɗaliban jami'ar tarayya ta Dutse. Su za ka fara nuna wa, tun hoton yana cikin waya, ka ga wanne suke tsayawa a kansa.

Kai kuma Allah ya ba ka abin da ni ba ni da shi. Fadamar Baturiya tana kusa da kai, inda tsuntsaye suke sauka lokacin sanyi, wasu tun daga Turai. Ga kwale-kwale, ga masunta, ga shanu suna ƙetare ruwa, ga shinkafa kore shar. Ni sai na yi kuɗin mota zuwa Maigatari ranar Alhamis kafin in samu raƙuma yadda nake so. Kada ka raina abin da ka saba gani, shi ake nema. Ka fita da hantsi ko bayan la'asar, rana tana gefe, lokacin da jar ƙasa take fitowa da kalarta. Da tsakar rana komai fari fat yake fita. In hazo ya sauka ka haƙura da abu mai nisa, ka ɗauki na kusa. Ka goge idon kyamara da gefen riga kafin kowane ɗauka, kuma kada ka jawo hoto da yatsa, ka taka da ƙafarka ka matsa.

Maganar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta hoton mutane. Na taɓa ɗaukar wata dattijuwa mai tallan fura tana dama wa wani a inuwar darbejiya. Hoton ya yi kyau ƙwarai, hasken ya faɗo a kan ƙwaryar da mundayen hannunta, na buga guda talatin ban tambaye ta ba. Ɗanta ya ga katin a hannun wani, ya zo har gida ransa a ɓace, ya ce ta yaya fuskar mahaifiyarsa za ta riƙa yawo a hannun mazan da ba ta sani ba. Gaskiyarsa ce. Na ɗauki mai unguwa muka je na ba ta haƙuri, na miƙa mata ragowar katunan gaba ɗaya. Har yau in na tuna yadda ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba, sai in ji ba daɗi. Tun daga ranar ba na buga fuskar kowa sai na faɗa masa a fili cewa sayarwa zan yi, in mace ce kuma sai da sanin gidansu. Yawanci ma hannu da ƙwarya da ludayi sun isa. Wannan ya ƙara mini kasuwa, domin akwai masu saye da yawa da ba sa son ajiye hoton mai rai a ɗaki. Haka nan ba na sa ayar Alƙur'ani a kati, don ba ka san inda zai ƙare ba bayan Sallah, wataƙila a ƙasa, wataƙila a hannun mai ƙosai. "Barka da Sallah" a gaba ta wadatar, ciki ka bar shi fari mai saye ya rubuta nasa.

Sai aikin bugawa. Girman da ya fi sauƙi shi ne takardar A5 (rabin takardar A4 da ake fotokwafi da ita) a naɗe gida biyu, ta koma A6, wato milimita 105 a 148, kuma ambulan ɗinta ba ta wahalar samu a Kano. Takardar A3 ɗaya, wato girman A4 biyu, tana fitar da irin wannan kati huɗu, da haka za ka yi lissafi da mai maɗaba'a. Hoton da zai cika fuskar A6 ya fita tas yana buƙatar kimanin fiksel (ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto) 1240 a 1748, wayar da take da megafiksel 12 ta wuce haka nesa. Inda ake yin asara shi ne wajen turawa. In ka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, matse shi ake yi, ya fito dishi-dishi a takarda. Ka tura shi a matsayin fayil, ko ka je da wayar a cire ta kebul. Ka kuma ƙara masa haske kaɗan, don fuskar waya tana da fitila a bayanta, takarda ba ta da shi, abin da ka gani garau a hannunka zai iya fitowa da duhu.

Wata maɗaba'a ta taɓa buga mini kati sittin da aka rubuta "Gaisuwa daga ƙasar Ringim", kwamfutarsu ba ta san ƙa mai lanƙwasa ba, sai ɗan akwati ya fito a gurbinta. Yanzu PDF nake kai musu, wato irin fayil ɗin da rubutu ba ya sauyawa a cikinsa, kuma ba na barin a saki injin sai an fitar da guda ɗaya na fita da shi waje na duba a hasken rana. Gani ya kori ji. Ka bar wa hoton farin gefe ko'ina, don in injin yanka ya ɗan kauce ba zai ci hoton ba. Kwali mai kaurin da ake kira giram 300 ka nema. Kafin ka naɗe, ka ɗora rula ka ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, in ba haka ba bayan katin tsagewa yake yi, musamman da hunturu.

Firintar gida da kake sha'awa tana son wuta, tana son a riƙa aiki da ita kullum. In ta yi mako biyu a ajiye cikin ƙurarmu kanta da yake fitar da tawada toshewa yake yi, kuma tawadar yawancinsu ɗigon ruwa ɗaya yana ɓata ta, rana tana koɗar da ita. In Kano ta yi maka nisa, ka kai hotunan wurin masu wanke hoto a Haɗejia a fitar maka da inci uku da rabi a biyar, ka manna a kan kwalin da gam na sanda. Yana zama daidai a fuskar A6, kuma wasu sun fi son sa don aikin hannu ne.

Wajen sa farashi ka haɗa kuɗin mota, ambulan, ledar da za ka sa kowane kati, da waɗanda za su lalace, domin sai an samu. Ni biyar-biyar nake ɗaurewa, ya fi tafiya. Ribar da ta riƙe ni kuwa daga oda take zuwa, katin godiya na biki, na walimar sauka, na yaye ɗalibai. Ka karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, in na 'yan takara ne ka karɓa duka. Kada ka rubuta shekara a katin Sallah, abin da ya rage zai yi maka baɗi. A bayan kati ka sa sunan wurin da lambar wayarka da ƙananan baƙi, ta nan rabin masu nemana suka same ni.

Goman ƙarshe na azumi maɗaba'u cika suke yi, ba mai sauraron mai kati ashirin, don haka ka gama naka tun a Sha'aban. Ka zaɓi hoto biyar, ka nuna wa 'yan bautar ƙasar garinku da mutanenku da ke birni, ka buga ashirin kacal na waɗanda suka fi so. Ina da shiga Kano mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Turo mini biyar ɗin a matsayin fayil, in sa a fitar maka da gwaji a takarda ɗaya tare da nawa, in bai wa direban Haɗejia ya kawo maka.