Feebas ba ya zama Milotic sai an taka: amsoshin masu wasan Pokémon GO

Pokémon GO wasan waya ne da ake yawo da ƙafa ana kama halittu, ana tara musu alawa don su rikiɗa zuwa wasu halittun, kamar yadda kifin Feebas yake zama Milotic. Wasiƙar farko a wannan mako ta fito ne daga wani ɗalibi a Marwa. Ga abin da ya ce: "Assalamu alaikum Yaya. Watana huɗu ina wasan Pokémon GO. Na kama Feebas uku da damina, amma alawar da na tara ba ta kai 30 ba. Wani ya ce zai sayar mini da asusunsa mai Milotic har biyu a kan jaka goma sha biyar. Wani kuma ya ce in ba shi jaka biyu ya sa mini manhajar da za ta nuna kamar ina Faransa, in kama abin da nake so ina kwance. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka riƙe kuɗinka, ko ɗaya kada ka saya.

Bari mu fara da asusun. Duk asusun wannan wasa a ɗaure yake da imel ko Google ko Facebook ɗin wanda ya buɗe shi. Ko ya ba ka kalmar sirri yau, yana da hanyar da zai bi ya karɓe abinsa bayan sati biyu, kuma ba ka da inda za ka kai ƙara, domin dokar wasan da kanta ta hana saye da sayar da asusu. Ka biya kuɗin akuya, igiyar tana hannun mai ita. Manhajar ƙaryar wuri kuwa ta fi muni. Masu wasan suna da horo mataki uku ga wanda aka kama: gargaɗi na kwana 7, sai dakatarwa ta kwana 30, na uku a rufe asusun gaba ɗaya. Ga shi kuma irin waɗannan manhajoji sau da yawa ba daga Play Store ake sauke su ba, alhali a wayar nan kake ajiye kuɗinka na Orange Money ko MoMo. Ni dai ba zan bar baƙuwar manhaja ta kwana ɗaki ɗaya da kuɗina ba.

Yanzu ga hanyar gaskiya. Abu biyu Feebas yake bukata kafin ya rikiɗa: alawa 100, da tafiyar kilomita 20 yana matsayin abokin tafiyarka. Mutane da yawa suna tara alawar su manta da tafiyar, sai su ga maɓallin rikiɗa ya ƙi buɗewa su ɗauka wayarsu ce ta lalace. Saboda haka tun yau ka zaɓi wanda ya fi kyau cikin ukun naka, ka sa shi abokin tafiya, kada ka jira alawa ta cika. Ka kunna Adventure Sync, shi zai riƙa ƙirga takunka ko wasan yana rufe, ga sauƙin batir ga sauƙin data. Daga gida zuwa makaranta, zuwa masallaci, zuwa kasuwa, ba za a yi sati biyu ba ka cika ashirin ɗin. Amma fa da ƙafa. Idan ka hau babur, gudun ya wuce abin da wasan yake lissafawa, ka yi tafiyar banza.

Lissafin alawar kuma ga shi. Kowane kamu yana ba ka 3. Idan ka fara jefa masa abarbar nan da ake kira Pinap, ya zama 6. Ka tura wanda ba ka so ga Farfesan cikin wasan, ka ƙara 1. Bakwai ke nan a kan kowane kifi, wato wajen kamu goma sha biyar daga farko har ƙarshe. Duk Rare Candy, wato alawar da kowace halitta take karɓa, da ka samu a yaƙin haɗin gwiwa na Raid, kada ka watsar da ita a kan halittun da suke cike da unguwa, ka zuba wa Feebas. Halittun ruwa sun fi fitowa idan wasan ya nuna ana ruwan sama, shi ya sa ka same su da damina, kuma shi ya sa rani zai yi maka tsawo. Ka riƙa duba ayyukan da ake samu a PokéStop, wato wuraren karɓar kaya a taswirar wasan, da ranakun bukukuwan wasan, a nan yakan dawo da yawa.

In ka ga kamar an matsa maka, ka ji yadda na da suka sha. Feebas ya fara fitowa ne a wasannin Pokémon Ruby da Sapphire a 2002, a kan na'urar wasa ta Game Boy Advance. A duk faɗin wasan, kogi ɗaya ne yake da shi, a Hanya ta 119, kuma a cikin kogin gurbi shida kacal. Sai mutum ya bi ruwan gurbi-gurbi yana jefa ƙugiya. Bayan ya kama, sai ya yi ta ciyar da shi har ma'aunin kyansa ya kai 170. Da gangan aka yi shi haka: kifi mummuna, mai yagaggen fiffike, wanda yake zama ɗaya daga cikin mafi kyawun halittun wasan a hannun wanda ya jure. Abin da nake so game da shi ke nan, kuma shi ne abin da mai asusun nan ba zai iya sayar maka ba.

Idan lalle kuɗin suna maka ƙaiƙayi, ka sayi fawa bank mai kyau, domin wasan nan yana shan caji kamar rairayi da ruwa. Ka kuma yi tafiyarka bayan asuba ko bayan la'asar. Zafin Marwa a watan Afirilu yana haura digiri 40, waya tana zafi ta tsaya cak, kai ma jikinka yana da hakki a kanka.

Wata uwa daga Garwa ta rubuto: "Ɗana mai shekara 13 ya dame ni in saya masa tsabar cikin wasa don ya sayi abin ƙyanƙyasar ƙwai. Ya ce da shi zai samu wata halitta da ba kowa ke da ita ba. In saya?"

Hajiya, Allah ya raya mana shi. Yaron bai yi miki ƙarya ba, amma bai faɗa miki duka ba. Abin ƙyanƙyasar da ake saye sau uku yake aiki ya ƙare, kuma ba wanda ya san abin da zai fito daga ƙwan. Wasan yana nuna jerin abin da ka iya fitowa, kuma wanda yaron yake buri yawanci yana cikin masu wuyar fita. Kuɗi sukan tafi, a ƙyanƙyashe abin da yake da shi tun tuni, sai ya dawo ya ce a ƙara. Kowane ɗan wasa yana da guda ɗaya kyauta wanda ba ya ƙarewa, kuma yana iya samun tsaba har 50 a rana idan halittarsa ta tsare Gym, wato filin fafatawa na cikin wasan. Ya tara da kansa, zai fi sanin darajarta. In kin ga dama ki yi masa kyauta da salla, ki saya sau ɗaya da hannunki, kada ki bar hanyar biyan kuɗinki a ɗaure da wayarsa.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Yaran da suke neman halittun ruwa bakin Binuwai suke nufa, ido a kan waya. Kin san kogin nan akwai dorina, ga zurfi da damina. Ki kafa masa sharaɗi: ba shi kaɗai ba, ba bayan magariba ba, kuma ba ɗaga waya kusa da shingen jami'an tsaro.

Daga Njamena wani ɗan'uwa ya ce ya sa wa halittar Eevee suna Tamao don ya rikiɗa zuwa Umbreon, amma bai zama ba. Dabarar suna sau ɗaya take ci ga kowane suna, ka riga ka yi amfani da taka. Yanzu sai ka yi kilomita 10 da shi yana abokin tafiya, ka tanadi alawa 25, ka rikiɗa shi da dare ba tare da ka sauke shi daga matsayin abokin tafiya ba. Da rana wata halitta dabam, Espeon, zai ba ka. Ka dubi hoton da ke kan maɓallin kafin ka danna.

Na ƙarshe wani ɗan kasuwa ne a Kusiri, yana tambaya ko ya share Tropius ɗin da suka cika masa ma'aji, ko ya sayi ƙarin wuri. Alhaji, ka rage su amma kada ka share duka. Wannan mai ayaba a wuya na Afirka ne da kewayen Bahar Rum, ɗan wasan Amurka ko Japan ba ya ganinsa a titinsu. Musaya ta yau da kullum tana so ku kasance cikin mita 100 da juna, kai kuma kana bakin gadar Ngeli, inda baƙi ba sa yankewa. Ka ajiye biyar ko shida. Ranar da ka haɗu da baƙon da yake wasan, ka tambaye shi abin da ya kawo daga ƙasarsu kafin ka miƙa naka.