Inda kaset ya fi lalacewa, nan ne amsar take

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka tambayi waɗanne tsofaffin finafinai ne suka cancanci a sake ɗaukarsu, kuma ko sabon yakan fi na asali kyau. Na ga yawancin waɗanda suka ba ka amsa sun jero sunayen finafinan da suka kalla suna yara. Ni zan ɗan tsawaita, domin abin ya taɓo sana'ar da na ci abinci da ita shekara goma sha shida. Na riƙe shagon hayar kaset a cikin birnin Kano daga 1997, na ga zamanin kaset, na ga shigowar faifan CD, har zuwa lokacin da masu tura fim a waya suka karɓe kasuwar, na rufe.

Mai shagon haya yana ganin wani abu da darakta da furodusa ba sa gani. Su suna sayar da kwalin kaset ga 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, su ƙirga kuɗinsu. Ni kuwa kaset ɗin hannuna yake dawowa bayan ya kwana a gidaje ɗari, kuma jikinsa yakan gaya mini abin da mutane suka so a ciki. Lokacin da fim ɗin Sangaya ya fito, kwafi da yawa na ajiye, kuma dukkansu wuri ɗaya suka fara lalacewa. Za ka sa kaset hoto ya tafi garau, ana zuwa daidai waƙar fim ɗin sai layuka su fara ratsa fuskar talabijin, murya ta riƙa rawa. Dalili shi ne a kowane gida sai an mayar da wurin baya sau biyar, sau goma, har zaren ya sakwarkwace. Sauran fim ɗin kuwa yana nan kamar sabo. Labarin yarima da 'yar aikin gidan sarauta ba sabon abu ba ne a tatsuniyoyinmu. Abin da ya ruɗa gari shi ne waƙar, da kiɗan fiyanon da aka sa ya yi amon kayan kiɗanmu na gargajiya, da fuskar Fati Muhammad da ta Ali Nuhu a shekarunsu na lokacin. To me za ka sake a nan? Ko ka kawo kyamarar da ta fi kowace tsada, ba za ka dawo da ranar da mutane suka fara jin wannan kiɗa ba. Irin wannan fim a bar shi yadda yake.

Akwai kuma wani irin kaset da yake dawowa lafiya ƙalau, babu inda aka ci zarensa, amma wanda ya dawo da shi ba ya tafiya. Sai ya tsaya a bakin shago ya ce, "Alhaji, kai a ganinka matar nan ta kyauta?" Kafin ka amsa wani ya tsoma baki, a yi ta musu har a kira magariba. Wannan shi ne fim ɗin da labarinsa ya fi ƙarfin kayan aikin da aka yi shi da su, kuma shi ne ya cancanci a sake. Da wannan ma'auni nake auna kowane fim har gobe.

A gida an riga an gwada. Mujadala na asali ya fito a 2000, aka sake shi a 2018 da sababbin fuskoki irin su Umar M. Shareef da Maryam Yahaya, Ali Nuhu ya ba da umarni. Maganar gaskiya, hoto ya fi, sauti ya fi, sutura ta fi, kuma yaran da ba su san na farko ba sun ji daɗinsa. Amma mu da muka san na da, ido yana kan sabon, zuciya tana neman marigayi Ahmad S. Nuhu, wanda Allah ya yi wa rasuwa a hatsarin mota ranar 1 ga Janairu, 2007. Wannan ba laifin yaran ba ne. Sun shiga takara da wanda ba ya nan, kuma mai kallo ba ya iya yin adalci a irin wannan takara. Haka abin yake ga finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa. In ka ɗauki takardar labarin camama, wato irin finafinan barkwancinsa, ka karanta, ba za ka ga komai ba. Mutumin shi ne fim ɗin. Duk wanda ya sa jar hula ya ce zai maimaita, kwaikwayo kawai zai yi.

Indiyawan da muka taso da kallonsu a silimomin Plaza da Orion da Marhaba sun fi mu yawan wannan gwaji, kuma sun sha ɗaci sun sha zaƙi. Sholay na 1975 babu wanda ya kai shi farin jini a wajen iyayenmu da yayyenmu. A 2007 Ram Gopal Varma ya sake shi da sunan Aag, har ya sa Amitabh Bachchan da kansa ya hau matsayin mugun, aka yi asara mai yawa, mutane suka ƙi shi. Amma dubi Agneepath. Na 1990 bai yi kasuwa sosai ba duk da cewa Amitabh ya samu lambar yabo ta ƙasa a kansa. Da aka sake shi a 2012 da Hrithik Roshan sai ya karɓu, saboda ba su tsaya kwaikwayon muryar Amitabh da tafiyarsa ba. Sun riƙe ƙashin bayan labarin, yaron da aka kashe mahaifinsa bisa ƙazafi ya tashi da ramuwa a zuci, suka cire wasu mutane suka shigo da wasu, suka gina abinsu. Don haka ga tambayarka ta biyu, amsata ita ce sabon ba kasafai yake fin na asali ba, kuma idan ya fi, za ka tarar na farkon yana da wani giɓi da aka gano aka cike. Fim ɗin da ya riga ya cika, sake shi neman kuɗi ne da sunan wani.

In aka ce in zaɓi guda ɗaya tak, Shaihu Umar zan ɗauka. Littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, yana cikin waɗanda aka buga a 1934 bayan gasar rubutun da hukumar fassara ta Zariya ta shirya. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Duk tsawon zamana a shago ban taɓa riƙe kwafinsa ba, kuma malaman makaranta sun sha zuwa nema don ɗalibansu. An ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wata cibiya a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Da na samu kallonsa bayan gyaran, na daɗe zaune ban yi magana ba. Hausar da ke ciki, da rawani, da dawaki, da natsuwar da ake magana da ita, yanzu ba ka samun irinsu.

To in yana da kyau haka, me ya sa nake son a sake shi? Saboda uwar. Labarin daga bakin Shaihu yake fitowa, yana zaune a Rauta yana ba almajiransa tarihinsa: haihuwarsa a Kagara, yadda aka yi wa mijin uwarsa Makau ƙulli a fada aka kore shi, yadda aka sace shi yana ƙarami, yadda Balarabe Abdulkarim ya tsallaka hamada da shi ya rene shi ya ba shi ilimi. Umar ya faɗa hannu nagari ya zama malami. Uwarsa kuwa, 'yantacciya ce ta bar gida don neman ɗanta, aka yaudare ta aka sayar, aka kai ta Murzuk, ta sha wuyar bauta shekara da shekaru, kuma da Allah ya haɗa su ba ta daɗe ba ta cika. Tun ina ɗalibi wannan wuri yake tsaya mini a rai. Awa biyu da 'yan kai ba za su ɗauki tafiyar wannan mata ba. Yanzu da muke da finafinai masu dogon zango, kuma mutane sun saba bin labari mako-mako a Arewa24 da YouTube, ana iya ba ta rabin labarin, a bi ta zango-zango daga Kano har hamada. Kuma ka gaya mini, a ƙasar da yau ake ɗauke yara a hanya da makarantu, iyaye mata suna sayar da abin da suka mallaka suna bin daji, akwai gidan da ba zai gane wannan uwa ba? Sharaɗina kawai, wanda zai yi ya nemi masana tarihi da masana harshe, kada a sa wa baiwa jan baki da gashin kanti, kada a tsayar da ayari a tsakiyar rairayi don a yi rawa.

Na biyu shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda aka mayar fim a 1994. Yana cikin kasetocin da suka fi jawo musu a bakin shagona, tsakanin masu cewa Sumayya, budurwar labarin, ta yi wauta da ta faɗa rijiya da masu cewa manyan da suka matsa mata su ne da laifi. An yi shi lokacin da kyamara ɗaya ce, fitila sai wadda Allah ya hore, sauti kuma iska tana cinye rabinsa. Maganar auren dole da fifita mai kuɗi a kan mai hali ba ta tsufa ba. Wanda zai sake shi ya ba iyaye da kaka hujjarsu, kada a mayar da su dodanni, domin a zahiri masu tilasta auren suna ganin gata suke yi. Fim ɗin Wasila ma zan sa shi a layi, in za a yi haƙuri a nuna yadda aure yake tsagewa a hankali kafin a kai ga cin amana, maimakon a yi sauri a kai ga kuka da nadama.

Akwai waɗanda ba na goyon bayan a taɓa su sam, wato finafinan wankiya. Fim ɗin da tun asali daga na Indiya aka wanko shi, in ka sake shi ka yi wankin wanki. Yaran yanzu sun riga sun kalli na Indiyan da fassarar Hausa a wayarsu, sun san inda aka ɗebo. Sannan duk mai son sake fim ya je ya nemi masu shi. Da yawa daga cikin marubuta da furodusoshin farko suna raye, wasu suna cikin rashin lafiya da rashin abin hannu, waɗanda suka rasu kuma sun bar iyali. A zauna da su, a biya, a rubuta sunansu a farkon fim.

Abin da ya fi damuna kuma, wanda ban ga kowa ya ambata ba, shi ne ko na asalin ma suna nan? Da na rufe shago na zuba kasetocina a kwalaye na ajiye a ɗakin da ke bayan gida. Damina uku ban buɗe ba. Ranar da na buɗe, wari ne ya fara tarbata. Na ɗago kaset na duba ta 'yar tagar nan ta gilashi, sai na ga farar funfuna ta lulluɓe zaren kamar an barbaɗa gari. Wasu zaren ya manne da juna, kana juyawa yana tsinkewa. Daga ɗaruruwa, waɗanda na tsira da su ba su wuce arba'in ba. Na zauna a ƙasa na rasa abin da ke mini daɗi, domin akwai finafinai a ciki da na san ko masu su ba su da kwafi. Turmin Danya, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin wannan masana'anta, matasa nawa ne suka taɓa ganinsa da idonsu? Shaihu Umar ya tsira ne don an yi shi a kan zaren silima kuma an samu masu kuɗi da ƙwarewar gyarawa. Kaset ba ya jira haka.

Don haka ƙanena, in akwai tsofaffin kasetoci a gidanku, a ƙarƙashin gadon Hajiya ko a cikin tsohuwar adaka, ka fito da su tun kafin damina. Ka duba ta tagar, wanda ka ga fari a jikin zarensa kada ka sa shi a bidiyo, zai ɓata kan na'urar kuma ya shafa wa sauran. Ware shi gefe. Masu lafiyar a ajiye su a tsaye kamar littattafai, a wuri mai iska, nesa da rana da lasifika. Ni nawa arba'in ɗin na fara kai su ana juye mini a kwamfuta biyu-biyu, gwargwadon abin da aljihu ya ba da dama, kuma zuwa yanzu an gama goma sha huɗu.