An kwashe kuɗi a katina: ana iya gano ɓarawon?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da hatsi a Mabera, Sakkwato. Cikin dare alat uku suka shigo, an yi sayayya a intanet da katina alhali yana aljihuna. Washegari wani ya kira wai daga banki yake, na karanta masa lambar da aka turo min, sai aka tura sauran kuɗin wani asusu. Sunan mai asusun ya fito. Shi ne ɓarawon?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Da wuya ya zama shi ne. 'Yan damfara hayar asusu suke yi, ko su buɗe da takardun wani, sau da yawa ɗalibi ko mai neman aiki da aka ba ɗan hasafi. Amma ta kansa ake kama bakin zaren.

Sayayyar intanet ba ta bukatar katin a hannu. Lambobin gabansa, ranar ƙarewarsa da lambobi 3 na baya sun isa a wasu shafukan, shi ya sa miƙa kati ga mai PoS ya juya baya da shi ganganci ne.

Ka fara rufe katin, sannan ka kai wa banki ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin. Ka nemi lambar shaidar tura kuɗin, mai lambobi 30. Da ita bankinka zai nemi bankin da ya karɓa ya dakatar da cirewa. A nan mutane da yawa ke asara saboda jinkiri. Kuɗin ba sa kwana: ana rarraba su asusu uku ko huɗu, a cire a PoS ko a sayi kuɗin intanet na kirifto. Wanda ya jira Litinin, asusun wofi zai tarar.

Masu bincike kuwa sawun kuɗin suke bi. Galibin asusun banki na ɗaure da BVN, da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da shi a 2014, kuma BVN ɗaya kan tona dukkan asusun mutum. Layin da aka kira ka yana ɗaure da NIN. Kamfanin waya na da lambar IMEI, wato lambar shaidar ita kanta wayar, da hasumiyar sadarwar da wayar ta kama. Kantin intanet ɗin ma yana da adireshin da aka kai kayan, wanda ya fi adireshin IP (lambar da na'ura ke hawa intanet da ita) amfani, don shi IP ana iya ɓoye shi da manhajar VPN. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan shekara biyu, sai dai jami'an tsaro ake ba, ba kai ba. Don haka ka kai takardar koke ofishin EFCC na Sakkwato ko wurin 'yan sanda, haɗe da bayanin asusunka, hoton alat ɗin da lambar wanda ya kira. Kada ka goge komai, kada kuma ka kira shi kana tsinuwa. Yar da layin zai yi.

Kuɗin sayayyar sun fi saurin dawowa, tunda banki na iya ƙalubalantar cirewar ta hannun Visa, Mastercard ko Verve. Waɗanda ka ba da OTP a kansu, wato lambar da aka turo maka ka karanta wa mai kiran, sun fi wuya. Idan mako biyu suka wuce bankin bai warware ba, ka rubuta wa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.