Tsohuwar POD ko sabuwar HX Stomp? Ka fara mayar da wayar ƙasan da aka cire maka

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. Ina kaɗa jita a wata ƙungiya da muke zuwa bukukuwa da dina a nan Kaduna. Na daɗe ina aiki da POD 2.0, na'urar kwaikwayon sautin amfin jita, jar nan mai siffar ƙwayar wake, kuma kullum a kan sautinta mai suna Black Panel nake. Kwanan nan na haɗa 'yan kuɗina na sayi HX Stomp ta hannu, don an ce ita ma tana da kwaikwayon amfin Fender Deluxe Reverb, kuma nata ya fi kyau. Amma da na jona ta a mikisa sai sautin ya fito da tsini yana cizon kunne, ga wani ƙugi da ba ya yankewa idan na haɗa ta da amfi da mikisa a lokaci guda. Wani mai gyara ya cire wayar ƙasa a filogin amfin a gabana, ƙugin kuwa ya mutu nan take. Ina da biki ranar Asabar, hankalina a tashe yake. Asarar kuɗi na yi ne? In koma wa tsohuwar?

AMSA: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka a kan maganar kuɗi, ba ka yi asara ba. Amma kada ka kuskura ka kunna amfin nan ranar Asabar sai an mayar da wayar da aka cire. Zan dawo kanta, bari in fara sallamar maganar sautin.

Na'urorin biyu abu ɗaya suke kwaikwayo, wato Deluxe Reverb mai baƙar fuska na tsakiyar shekarun 1960, ɗan amfi mai wat 22, bawul 12AX7 a firiyam (sashen farko da sautin jita ke shiga), 6V6 biyu a ƙarshe, da sifika guda mai inci 12. Line 6, kamfanin da ya ƙera na'urorin biyu, sun fitar da POD ta farko a 1998, lokacin da ƙarfin lissafin irin waɗannan na'urori bai kai ya kawo ba. Abin da suka kama shi ne launin sautin gaba ɗaya: ƙasa mai taushi, tsakiya a ɗan rame, sama a dakushe, an kuma matse shi ta yadda ko ka daki igiya ko ka shafa ta, tazarar ba ta da yawa. Wannan matsewar ce kunnenka ya saba da ita, ita ce kuma ke rufa wa hannu asiri idan ya kuskure. HX Stomp ta fito a 2018 da injin Helix na 2015, kuma US Deluxe ɗin cikinta, wato kwaikwayonta na Deluxe Reverb, yana bin da'irar amfin ne mataki-mataki. Rage maɓallin ƙarar jitarka zuwa 6, za ka ji sautin ya wanke tas. Ka daka da ƙarfi, ya ɗan fashe ya lanƙwasa kamar yadda bawul ke yi. Tsohuwar ba ta iya wannan yadda ya kamata. A nan dai sabuwar ta yi mata nisa, kuma mai kaɗa salon jitar Agadez, inda yatsa ke magana, shi ya fi kowa jin bambancin.

Tsinin da ka ji kuwa, ina kyautata zaton firiyam zalla ka zaɓa. HX tana ba ka Preamp daban, Amp daban, Amp+Cab (amfi haɗe da sifika) daban, alhali POD takan haɗa maka kwaikwayon sifika ba tare da ka roƙa ba. Sifikar jita tana zubar da kusan duk abin da ya haura 5 kHz. Idan babu ita a layin, duk wannan ƙaiƙayin zai wuce kai tsaye zuwa manyan sifikun taro. In mikisa za ka, ɗauki Amp+Cab, ka sauko da High Cut, maɓallin da ke datse tsinin sauti, zuwa wajen 6 ko 7 kHz. In amfi na gaske za ka, sa firiyam zalla ka shiga ta ramin Return na bayansa. Kuma idan za ka gwada su biyun, daidaita ƙararsu tukuna, domin kunne kullum wanda ya fi ƙara yake ba wa gaskiya. Ban ce ka jefar da POD ba. A filin biki mai hayaniya, da janareto yana ruri a bayan rumfa, matsattsen sautinta yakan zauna daram a cikin kiɗa. Ajiye ta a jaka saboda ɓacin rana, sai dai kada adaftocinsu su cakuɗe: ta POD 2.0 bolt 9 ce ta AC, ta HX bolt 9 ce ta DC, kuma na ga na'urorin da wannan musanyar ta ƙone.

To, mu koma kan wayar ƙasa. Babu makon da zai wuce ba a kawo mini amfi ko mikisa daga Sabon Tasha, ko Tudun Wada, ko Barnawa, in buɗe filogi in tarar an datse wayar nan mai kore da rawaya ba. Wani ya naɗe ta da salatif, wani ya sayo adafta mai ƙafa biyu ya ɗora. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: mai gyara ya ce ita ke kawo ƙugi. Wallahi na gaji da jin wannan magana. Ƙugin yana mutuwa, ban musa ba, shi ya sa ma jita-jitar ta ƙi mutuwa, domin kowa ya gani da idonsa. Abin da ba a nuna wa mai kaya shi ne me aka sadaukar kafin a samu shirun.

Ga abin da ke kawo ƙugin. Amfinka yana kan soket ɗaya, mikisa tana kan wani can nesa, kowanne da wayar ƙasansa, sannan ka haɗa su da kebul ɗin sauti ta cikin HX. Ka ga an samu zobe ke nan. 'Yar wuta kaɗan tana zagaya zoben ta cikin rigar kebul, ita ce kake ji a 50 Hz, mitar wutarmu. Ko'ina ka yanke zoben, ƙugi zai tafi. Mai gyaran nan ya yanke shi ne a wuri ɗaya tilo da bai halatta a taɓa ba.

Jikin amfinka ƙarfe ne. Igiyoyin jitarka kuma a haɗe suke da wannan ƙarfen, ta 'yar wayar da ke ƙarƙashin gada (ƙarfen da igiyoyin ke zaune a kai a jikin jita), zuwa ramin kebul, zuwa HX, zuwa amfi. Ranar da taransifoma ta ci rufinta, ko wata waya ta sake saboda girgizar hanya, ko laimar damina ta shiga, bolt 230 za su hau jikin amfin. In wayar ƙasa na nan, wutar za ta kwarara ta cikinta, fis ya ƙone, kiɗa ya tsaya, kowa ya tafi gida lafiya. In babu ita, amfin zai ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru, igiyoyin da ke hannunka na hagu suna ɗauke da wutar. Sai ka matsa ka kai baki kan makirufo, wanda shi yana da ƙasa ta wajen mikisa. Wutar za ta shiga ta hannu, ta ratsa ƙirji, ta fita ta leɓe. Miliamfa 10 zuwa 20 sun isa su sa hannu ya ƙanƙame wuyan jita ka kasa saki, 'yan gomomi a sama da haka kuma suna rikita bugun zuciya. Fis ɗin filoginka mai amfa 13 ko 5 ba zai ma san ana yi ba.

Kada wani ya ce maka ai kebul ɗin da ya tafi mikisa zai ɗauke wutar. Siririyar rigar kebul ɗin jita ba don wannan aka yi ta ba, tana iya ƙonewa ta bar ka a tsaye. Kuma yaron da zai zare shi bayan an tashi, hannu ɗaya a kan kebul ɗaya a jikin mikisa, shi zai zama wayar ƙasan.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A 1972 wuta ta kashe Les Harvey, makaɗin jita na ƙungiyar Stone the Crows, a kan dandamali a garin Swansea, gaban 'yan kallo, da ya taɓa makirufon da ba shi da ƙasa. A 1976 Keith Relf na Yardbirds ya mutu a gidansa yana riƙe da jita. A Birtaniya ke nan, inda ake bincikar wayoyin gini. Ina ga mu, da ake jawo wuta daga janareton da ba a kafa masa sandar ƙasa ba, ta cikin ekstenshon mai rami uku amma waya biyu ce a cikinsa? Makaɗanmu har sun mayar da abin al'ada, za ka ji mutum ya ce makirufon yana ɗan cizon leɓe, a ɗaura masa hankici. Wannan cizon gargaɗi ne, kuma hankici ba ya tare bolt 230.

Ku kuma masu gyara, ku ji tsoron Allah. Mutum ya kawo maka kayan sana'arsa ya amince da kai, ka datse masa abin da ke tsare ransa saboda ka ƙi cewa ban san dalilin ƙugin ba. Ranar da aka kwaso shi daga dandamali, ba wanda zai tuna da filogin da ka buɗe, za a ce kwanansa ne ya ƙare, amma kai ka san abin da hannunka ya yi. Masu ɗakunan taro da shugabannin ƙungiyoyi, ku ma da alhaki a kanku. Kuɗin RCD mai miliamfa 30, wanda ke katse wuta kafin ta yi kisa, bai kai na makirufo ɗaya mai kyau ba.

Abin da za ka yi kafin Asabar ba shi da wuya. A mayar da wayar, ka sa mita a tsakanin dogon ƙarfen filogi da jikin amfin ka tabbatar sun haɗu. Ka kwance ekstenshon ɗinka ka ƙirga wayoyin cikinsa da idonka. Amfi da HX da mikisa su sha wuta daga layi ɗaya, wannan kaɗai yakan kashe yawancin ƙugin. In ya rage, sayi akwatin DI mai taransifoma, ana samu wajen masu sayar da kayan sauti a cikin gari, ka sa shi tsakanin HX da mikisa, ka danna maɓallin da aka rubuta wa Ground Lift. Sunan kada ya ruɗe ka: rigar kebul ɗin sauti kawai yake rabawa, ba ya taɓa ƙasan wuta. In kana jona HX da kwamfuta ta USB, zare cajar kwamfutar ka saurara, sau da yawa ita ce ɓarauniyar.

Ka kuma bambance ƙugin zobe da na jitar kanta. Rufe maɓallin ƙarar jita gaba ɗaya. In ƙugin ya ɗauke, fikof ɗinka ne, wato abin da ke ɗaukar sautin igiyoyi a jikin jita, ke kamo shi daga fitilu ko taransifomar amfi, sai ka juya ko ka ja baya, ka kunna Noise Gate, wanda ke toshe sauti idan ba ka kaɗawa, kaɗan. A cikin US Deluxe ɗin ma akwai Hum da Ripple, da gangan suka kwaikwayi ƙugin amfin asali, sai ka rage su. Da kun isa wurin bikin an gama jona komai, sa mita a kan AC, ƙafa ɗaya a igiyar jita, ɗaya a kan ragar makirufo. In ta nuna bolt masu yawa, kada kowa ya hau dandamalin sai an gano inda wutar ke fitowa, ko da ango da amarya sun riga sun zauna.