Ga mai son littafi da karatu ya fara gagarar ta

Ƙanwata, sau biyu na karanta tambayarki, domin kamar labarina kika ɗauko kika rubuta. Kin ce tun kina yarinya kike son littafi, har gobe ba ki daina saye ba, amma shekara ta kusa zagayowa ba ki kai ƙarshen ko ɗaya ba. Da kin buɗe, shafi biyu ko uku sai hannu ya koma kan waya. Kina tambaya ko son karatun ne ya mutu, kuma yaya za ki yi ya dawo miki kullum.

Ki kwantar da hankalinki, bai mutu ba. Da ya mutu, da abin bai dame ki ba har ki zauna ki yi tambaya. Ni abin da ya same ni, kuma ina zaton shi ne ya same ki, karatu ne ya rasa mazauni a cikin yinina. Da na fara aiki, ga kuma yara, kowane abu ya samu lokacinsa: fita, dawowa, hidimar gida, barci. Karatu kaɗai na bari a kan "in na samu sarari". Sararin kuwa bai taɓa zuwa da ƙafarsa ba.

Akwai wani littafi mai shuɗin bango da ya zauna a gefen gadona. Na saka 'yar takarda a shafi na 43, takardar nan ta yi wata takwas a wurin, har gefenta da ya leƙo waje ya dafe da ƙura. Duk daren duniya sai na kalle shi in ji kamar ana bi na bashi. Sai in yi alkawarin ranar hutu zan zauna awa uku in gama da shi, ranar ta zo ta wuce ban ko taɓa shi ba. Wannan alkawarin awa ukun shi ya fi cutar da ni, domin ya sa na raina minti goma da nake da su a hannu.

Abin da ya fara sauya min tunani lissafi ne. Wani masani mai suna Marc Brysbaert, na jami'ar Ghent a Beljiyam, ya tattara bincike masu yawa a 2019, ya samu cewa babban mutum yana karanta kimanin kalma 238 a minti ɗaya idan yana karatun zuci da Turanci. Wanda yake karatu da harshen da ba nasa ba zai yi ƙasa da haka, to mu rage. A ce kullum cikin minti 15 kina karanta shafi 10 kawai. A shekara shafi 3,650 ke nan, wato littafi 12 masu shafi 300. Ni da na yi shekara ban gama ɗaya ba, da na ga wannan adadi sai jikina ya yi sanyi. Ashe da gaske da yayyafi kogi kan cika.

Sai dai sanin lissafi daban, zama a yi daban. Da farko na ɗora karatun a kan lokacin kwanciya, abin bai yi ba. Na riga na gaji, layi biyar idona ya rufe, washegari ban tuna komai ba. Sai na mayar da shi safiya, kuma na ɗaure shi da abin da ba na fashinsa: da na wanke fuska, kafin kowa ya tashi, sai in zauna a kujerar da ke kusa da taga in buɗe littafi. Tun da dare nake ajiye shi a kan kujerar, a buɗe, a kife. Ba na tsayawa tunanin me zan karanta ko a ina na ajiye shi. Naki lokacin ba lallai ya zama safiya ba. Ki duba yininki da kyau, ki nemo wani abu da kike yi kullum ba fashi, ki jingina karatun a bayansa.

Maganar waya kuwa, kada ki yaudari kanki cewa za ki iya ajiye ta a gefe ki share ta. Na gwada, na kife ta, na kashe mata sauti, duk a banza, hankalina rabi yana kanta. Abin da ya yi min magani shi ne na daina kwana da ita a ɗaki. A falo take caji, na sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa don tashi. Dokata ɗaya ce: ba na taɓa waya sai na gama shafukana. Makon farko da wuya. Sai in karanta sakin layi ɗaya sau uku ban fahimce shi ba, zuciya tana ta fizga ta. Kada wannan ya tsorata ki. Hankalin da ya saba da guntun rubutu da gajeren bidiyo sai a hankali yake sake koyon zama wuri ɗaya.

Za ki ji ana cewa kwana 21 ake yi ɗabi'a ta zauna. Kada ki riƙe wannan, don kada ki karaya idan kwanakin suka cika ba ki ji sauyi ba. Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a ta Landan sun bibiyi mutane 96 da suka ɗauki sabuwar ɗabi'a, suka ga a tsaka-tsaki kwana 66 ake yi kafin abu ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254. Abin da ya fi faranta min rai a binciken nan shi ne sun ga fashin rana ɗaya ba ya rushe ginin. Yaro zai kwana da zazzaɓi, baƙi za su sauka, za ki makara. Idan yau ta kuɓuce, gobe ki koma kujerarki, ba sai kin rama shafukan jiya ba.

Yanzu ga abin da na fi so ki ji. Ba dole ba ne ki gama duk littafin da kika fara. Da yawa daga cikinmu littafi ɗaya ne ya tsaya mana a maƙogwaro: ba ma jin daɗinsa, kuma muna jin kunyar ɗauko wani alhali ba mu gama shi ba, sai karatun ya tsaya cak. Wata ma'aikaciyar laburare a Amurka, Nancy Pearl, tana da wata ƙa'ida da na ara: ki ba littafi shafi 50, idan bai ja ki ba ki ajiye shi. Wanda ya haura shekara 50 kuma ya cire shekarunsa daga 100, abin da ya rage shi ne shafukan da zai bayar. A wannan lokacin da kike ƙoƙarin dawowa, ki zaɓi abin da ranki yake so da gaske, ko labari ne mai sauƙi, ko wanda kika taɓa karantawa kika ji daɗinsa. Manyan littattafan da kike ganin ya kamata a ce kin karanta suna nan, ba inda za su.

Ina kuma yawo da ƙaramin littafi a jaka saboda zaman jira, a layin asibiti ko a mota. Littattafan saurare ma suna taimako lokacin aikin hannu, ko da yake ni labari kawai nake iya bi ta kunne.

Wata shekara na ɗaukar wa kaina adadin littattafan da zan gama, sai na tsinci kaina ina zaɓar sirara ina gudu a kansu don lamba ta cika. Ban ƙara ba. Abin da nake yi yanzu, idan na rufe littafi sai in rubuta layi biyu ko uku a wani ɗan kundi, daga ka, ba tare da na leƙa ba: me ya faru, me marubucin yake son faɗa, ina na yarda, ina ban yarda ba. Wasu masana biyu, Roediger da Karpicke, sun nuna a 2006 cewa ɗaliban da suka yi ƙoƙarin tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karatun. Ni ma na ga haka a kaina. Littattafan da na yi wa wannan rubutun, har yau ina iya ba ki labarinsu.

Shuɗin littafin nan kuwa, na zare takardar daga shafi na 43 na mayar da shi kan kantar littattafai, na ɗauko wani. Sai bayan shekara biyu na sake jawo shi, na faro daga shafin farko a kujerar nan ta bakin taga, na gama shi cikin kwana goma sha ɗaya.