Shin Spurs za su iya gina ƙungiya a kan Wembanyama?

Ɗan'uwa ka tambaya ko yaron nan Victor Wembanyama shi kaɗai zai ɗaga San Antonio Spurs ta gasar NBA a Amurka, gaskiya a'a, ƙwallon kwando mutum 5 ne a fili. Mu nan Garwa sai ƙarfe biyun dare muke tashi kallon wasansu in an bar mana wuta, don haka na ɗan bi su.

Sun ɗauke shi na ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2023, kakarsa ta farko wasa 22 kacal suka ci cikin 82, ta biyu 34, kuma ka tuna a Fabrairun 2025 aka ajiye shi saboda gudan jini a kafaɗa, ni wallahi lafiyar tasa ce ke ban tsoro ba iyawarsa ba, dogo irin wannan jikinsa sai lallaɓawa. Amma shugabannin ba barci suke ba, sun kawo De'Aaron Fox, ga Stephon Castle ga Dylan Harper, yara masu jini a jika. Tsohon kocinsu Gregg Popovich ya sauka, Mitch Johnson ne koci.

Tsohon gwarzonsu Tim Duncan ma da ya zo a 1997 ba shi kaɗai ba ne, ai wani gwarzon David Robinson ya tarar, 1999 suka ɗau kofi.